Sunaye Uku da Kwamfuta Ta Tsallake

Ranar Asabar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya ƙafar? Yaya idon, ana dai ɗiga maganin a kan lokaci? Na san Yaya ce za ta karanta maka, don haka Yaya, ke ma ina gaishe ki da yara. Surukinka da jikokinka duk suna miƙo gaisuwa.

Baba, labari na zo maka da shi. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ɗan ofishin nan na makaranta, tsakanin kabad ɗin fayil da tagar da ba ta rufuwa, ina buga abin da wasu suka rubuta. Tun muna da tafireta mai ƙararrawa har aka kawo kwamfuta, aikina bai sauya ba: a miƙo, in buga, in mayar. To, sabuwar Shugabar makarantarmu ta ce ita ba ta yarda a sayi kwamfuta a bar ta tana aikin tafireta ba. Ta sa sunana cikin masu zuwa koyon rubuta manhaja, wato ka rubuta wa kwamfuta umarni layi bayan layi, ita kuma ta bi. Talata da Alhamis muke zuwa, daga tashi aiki zuwa ƙarfe shida.

Mu goma sha huɗu ne a ajin, ni ce babba. Kowa Mama yake ce mini, har Malamar, wadda da ƙyar in ta girmi babbar jikarka da shekara biyar. Ranar farko kamar in ɗauki jakata in gudu. Amma da aka zo bugu sai duk suka tsaya kallon yatsuna, don ni ba na duba madannai. Nan na ɗan samu na ɗaga kai.

Bayan wata biyu Malama ta ce kowa ya nemo aikin gaske daga wurin aikinsa. Ni ban sha wahalar nema ba. Kowace shekara 'yan aji uku suna rubuta jarrabawa, a haɗa makin kowa, a raba da yawan darussan da ya rubuta, a jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Arba'in ɗin farko su ke shiga ajin kimiyya. Mataimakin Shugaba, mai kula da jarrabawa, shi ke wannan lissafi da ɗan kalkuletansa, mako biyu cur yana yi yana tsaki. Na ce bari in rubuta abin da zai yi shi cikin ƙiftawar ido.

Na kuwa rubuta, Baba. Layi talatin da ɗaya, da hannuna. Na gwada da sunaye goma na ƙirƙira, ta jera su tsaf. Daɗi ya kwashe ni, ban jira Malama ta duba ba, na kira Mataimaki ya zo ya gani da makin gaske. Ya tsaya a kaina, hannu a baya. Na danna. Ta fara aiki, sai kawai ta tsaya cik, ta zubo wani jan rubutu na Turanci. Ban ma tsaya karantawa ba, na yi maza na rufe. Mataimaki ya ce tafireta dai ba ta taɓa yi wa kowa jan ido ba, ya ɗauki kalkuletansa ya fita. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na kai ƙara wurin Malama sai ta ce in kwantar da hankalina, kuskure iri biyu ne. Akwai na rubutu, wanda kwamfuta ba za ta ma fara aikin ba sai ka gyara. Akwai kuma wanda rubutunka daidai yake, aiki ya fara, sai a tsakiya ta ci karo da abin da ba ka shirya mata ba. Na ce mata ai ni 'yar makanike ce, na gane: motar da ta ƙi tashi a gareji daban, wadda ta mutu da fasinja a tsakiyar hanya daban. Ta yi dariya ta ce mako mai zuwa darasin da za mu yi ke nan.

Ka sa ni a addu'a. Ka kuma daina fita rana ba hula, Yaya ta gaya mini.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tafireta, kamar yadda kake kirana


Ranar Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, na ji ka ce mai koyo ba ya kunyar faɗuwa. Na gode.

Wannan takardar gajeriya ce, don bakina ya ƙi rufuwa. Malama ba ta zo ba makon nan, mahaifiyarta ce ba lafiya, amma ta aiko mana da takardar darasin. Na zauna na karanta shafin farko na gane. Ashe kalmomi biyu ne kawai na Turanci. Ɗaya try, wato gwada. Ɗaya except, wato in ba ta yiwu ba, ga abin da za ki yi. Sai ka sa aikin a ƙarƙashin ta farko, in kwamfuta ta yi tuntuɓe, maimakon ta faɗi sai ta koma ƙarƙashin ta biyu.

Sai na kwashe aikin gaba ɗaya na zuba a ƙarƙashin try, a ƙarƙashin except kuma na ce mata ta wuce abinta kawai. Na danna. Baba, ko ɗigon ja ban gani ba. Sunaye suka zubo reras, kafin in ajiye kofin shayina an gama. Mataimaki yana kan mutum na sittin da kalkuletansa na ajiye masa takarda shafi biyar. Ya duba goman farko da nasa lissafin, suka yi daidai. Ya gyara tabarau ya miƙo mini takardar. Shugaba ta sa hannu, yau da safe aka liƙa a allon sanarwa.

Surukinka ya ce tun jiya tafiyata ta sauya, wai ƙofar gida ta kusa yi mini kaɗan. Ban musa ba.

A gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Tafireta


Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya da yara, da fatan kowa yana lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi na mako biyu. Ba ciwo ba ne, kunya ce. Yaya, wannan ki karanta masa a hankali.

Ranar Litinin bayan an liƙa sakamakon, ina cikin bugu sai na ga mutum a bakin ƙofa. Wata yarinya ce 'yar aji uku, siririya, mai tabarau, ta riƙe littafi a ƙirji. Na san fuskarta, tana cikin masu zuwa aron littafi a laburare. Ta gaishe ni, na ce ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce, "Mama, na duba sama, na duba ƙasa, ban ga sunana ba. In faɗuwa na yi, ai da na gan shi a ƙasa." Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta koma aji zan duba. Tana fita na buɗe takardar da na shigar wa kwamfuta na ƙirga: ɗari biyu da goma sha biyu. Na ƙirga wadda ta fito: ɗari biyu da tara. Na sake ƙirgawa, haka dai. Yara uku sun ɓace, kuma ni na ɓatar da su.

Na bi layi-layi har na gano su. Ita yarinyar, ranar jarrabawar lissafi tana kwance a asibiti, malamin ya rubuta "jinya" a gurbin makinta, ni kuma na buga yadda na gani. Daga baya ta rubuta jarrabawar, makin yana wata takarda a aljihun teburin malamin. Kwamfuta ta zo tana neman lamba ta tarar da kalma, ta yi tuntuɓe. Na biyu, wani yaro ne mai maki saba'in da ɗaya. Ka tuna tsohuwar tafiretata ba ta da madannin lamba ɗaya, da ƙaramin harafin l muke bugawa? Yatsana ne ya koma gidan jiya. A ido ba ka bambancewa, amma kwamfuta ta bambance. Na uku sabuwar ɗaliba ce da ba ta rubuta ko darasi ɗaya ba, aka zo rabawa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Duk ukun kwamfuta ta so ta gaya mini. Wannan jan rubutun da na rufe, abin da yake faɗi ke nan. Ni ce na ce mata in ta ga matsala ta wuce ta yi shiru, ta kuwa yi biyayya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Baba. Shafin farko na karanta, darasin kuwa shafi huɗu ne.

Kafin in gama, maganar yarinyar ta kai kunnen Mataimaki. Ina jiyo shi ta bango yana yi wa malamar ajinsu faɗa, wai ita ce ba ta kawo sunan ba. Baiwar Allah tana ta rantsuwa. Ba zan ɓoye maka ba, na zauna kamar minti biyar hannuna a kan madannai. Ba wanda ya san yadda manhajar take aiki sai ni. Da na saka sunayen a ɓoye na sake bugawa, da an ce kuskuren malama ne aka gyara. Sai na tuna ranar da ka bi wani direba har tasha a kan keke don ka gaya masa ka manta ba ka ɗaure masa noti ɗaya ba. Na tashi.

Na sami Mataimaki a ofishin Shugaba ya kai ƙarar malamar, na ce a daina yi wa malama faɗa, laifin nawa ne, na faɗi yadda aka yi tun daga farko. Ban rage komai ba. Mataimaki ya ce da ma ya faɗa, a koma wa kalkuleta. Shugaba ta tambaye ni ko na san daidai inda ɓarnar take. Na ce na sani. Ta ce ta ba ni zuwa Juma'a, shi ma Mataimaki ya ci gaba da nasa lissafin, a haɗa a gani. Ta sa aka cire takardar daga allo. Daga nan na wuce wurin malamar ajin na ba ta haƙuri a gaban abokan aikinta, tunda a gabansu aka yi mata faɗan.

Allah ya taimake ni Malama ta dawo ranar Talata. Da ta ga abin da na rubuta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, kin toshe wa mara lafiya baki don kada ya yi nishi, kin ce ya warke." Sai ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta nuna mini cewa ba a zuba aiki duka a ƙarƙashin try, sai layin da ake tsoron zai yi tuntuɓe. Kowane irin tuntuɓe kuma yana da sunansa: na samun kalma a wurin lamba daban, na rabawa da sifili daban, na neman fayil a rasa daban. Kowanne sai ka kira shi da sunansa ka tanadar masa amsarsa. Wanda kuwa ba ka san shi ba, ka bar shi ya tsayar da aikin, gara a tsaya da a ci gaba a kan ƙarya.

Kwana biyu na yi ina gyara. Yanzu in ta tarar da kalma a gurbin maki, sai ta rubuta sunan ɗalibin da darasin da abin da ta gani, ta ajiye shi a wani jeri na waɗanda ke jiran gyara. A ƙarshe ta faɗi mutum nawa suka shiga, nawa suka fito, nawa ke jira. In akwai ko mutum ɗaya da ke jira, ba za ta buga sakamako ba. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, ba Malama ba.

Ranar Juma'a aka haɗu, bayan an gyara makin biyun farko, sabuwar ɗalibar ma an ba ta jarrabawa ta rubuta. Ɗari biyu da goma sha biyu suka shiga, ɗari biyu da goma sha biyu suka fito. Mataimaki ya kai mutum ɗari da ashirin, aka gwada, duk suka yi daidai da nawa. Yarinya mai tabarau ta zo ta tara, Baba. Ta tara a cikin yara sama da ɗari biyu, na kusa hana ta ajin kimiyya.

Sai dai shigarta ta turo wadda take ta arba'in zuwa ta arba'in da ɗaya, yarinyar da ta riga ta kai wa iyayenta albishir. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Na roƙi Shugaba kada a sa yarinya ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ta yi shawara da malaman kimiyya, suka yarda a ƙara kujera ɗaya bana. Ni da mai gadi muka kinkimo teburin daga sito, na goge shi da kaina.

Ban san ko za ka yi fushi ko za ka yi murna ba. Ni dai na faɗa maka yadda aka yi.

'Yarka mai neman albarkarka,
Tafireta


Ranar Laraba

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya da duk mutanen gida. Na ji an cire bandejin aikin ido da aka yi maka kuma kana gane fuskar mutum daga nesa, Alhamdu lillahi. Na ji kuma ka sa Yaya ta karanta maka takardata ta baya sau uku, har ka sa ta karanta wa abokan hirarka na ƙofar gida. Baba, asirina ka tona, amma na yafe.

Wata huɗu ke nan, mun gama karatun, an ba mu takardar shaida. Wannan zangon Shugaba ta ce manhajata ta yi sakamakon makarantar gaba ɗaya, yara ɗari tara da wani abu. Amma ta ce kafin nan sai an gwada ta a gaban malamai, kuma Mataimaki ta ba aikin ya karya ta in zai iya.

Jiya aka yi, a ɗakin malamai. Aka haska fuskar kwamfutar a bango, malamai sama da talatin suna zaune, wasu da kofin shayi. Mataimaki ya naɗe hannun riga ya zauna, da yatsa ɗaya yake bugu kamar kaza na tsintar hatsi. Ya rubuta "ban sani ba" a gurbin maki. Ta amsa masa da Hausa, don da Hausa na rubuta amsoshin: wannan ba lamba ba ce, a duba makin wane a darasi kaza. Ya bar gurbin ba komai, ta ce gurbin wane babu maki. Ya buga harafin O a madadin sifili, ta kama. Ya ba ta sunan fayil ɗin da babu shi, ta ce ba ta sami wannan fayil ba, a duba sunan a sake gwadawa. Malamai suka fara dariya, malamin tarihi yana cewa a ƙara mata wata. Ni ina tsaye a gefe ina kallo, ko sau ɗaya ba ta faɗi ba, ba ta kuma haɗiye komai ba.

Da ya gaji sai aka saka makin gaske. Tana cikin tafiya ta ware suna ɗaya, ta ce makin wannan yaro a lissafi ɗari bakwai da goma ne, ya wuce ɗari, a duba takardar malami. Ka ga wannan ba tuntuɓen kwamfuta ba ne, don ɗari bakwai da goma lamba ce lafiyayya, da ta haɗa abinta. Ni na koya mata ta ɗaga hannu da kanta in maki ya wuce ɗari ko ya gaza sifili, da wata kalma da ake ce wa raise. Aka ɗauko takardar. Rubutun Mataimaki ne, saba'in da ɗaya ya so rubutawa, alƙalami ya zarce. Ya karɓi takardar. Ya cire tabarau ya duba, ya mayar ya sake dubawa. Sai ya fashe da dariya, ya ce shekara ashirin yana kama kuskuren mutane, yau an kama nasa a bainar jama'a. Ya miƙe ya ce, "Malama, zo ki zauna, kujerarki ce." Tunda nake a makarantar nan bai taɓa kirana da wannan suna ba. Na zauna, na ƙarasa aikin, ban bari kowa ya ga idona ba.

Yarinya mai tabarau tana nan lafiya a ajin kimiyya, ita da ta arba'in da ɗayan tebur ɗaya ke tsakaninsu. Takan leƙo ta gaishe ni. Ta ce in koya mata, na ce ta bari a yi hutu.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Shugaba ta ba da labarin a taron shugabannin makarantu, sun nemi in koya wa masu buga takardunsu. Mutum goma sha ɗaya ne, daga makarantu goma sha ɗaya, ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, a ɗakin taronmu. Na riga na yanke abin da zan fara da shi. Ba ranar jiya zan ba su labari ba, ranar da na ɓatar da yara uku zan ba su, in nuna musu manhajar farko yadda take, su nemo laifin da kansu.

Baba, ka sha ganina a zaune ina bugu, ba ka taɓa ganina a tsaye ina magana a gaban mutane ba. Ina so ka zo. Surukinka zai taho da mota ranar Juma'a ya ɗauko ku kai da Yaya, an gyara maka ɗakin da ba sai ka hau matakala ba. Na san za ka ce ba ka san komai a kan kwamfuta ba. Ba sai ka sani ba. Na sa mai gadi ya ajiye maka kujera mai hannu a layin gaba, kusa da ƙofa inda iska take shigowa. Ka zo da sabon idonka ka kalli 'yarka.

Ina jiran amsarka ta bakin Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai ƙaunarka har kullum,
Tafireta